Washinton: Sunan Mutum ne, ko Sunan Gari?

     Ku matso kusa da radiyo. Ku ɗauko allo da alli, ko kaye da fensir, domin yau akwai rubutu.

Yau suna ɗaya za mu ɗauka, mu bi shi har gidansu. Suna ne da kuka saba ji cikin labarun duniya: Washinton. Wata rana mai karanta labaru ya ce, "An yi taro a Washinton." Wata rana ya ce, "Washinton ta ƙi yarda." Wata rana kuma ku ji an ce, "Washinton ya rasu a shekarar 1799." To, gari yana da bakin da zai ƙi yarda? Gari yana rasuwa a yi masa jana'iza? Ku da kuka fara karanta jarida za ku gamu da sunan nan sau da yawa. In ba ku san hanyoyin da ya bi ba, zai rikita muku labari.

Mu fara da rubutu. Mutanen Ingila da na Amurka suna rubuta shi da haruffa 10: W, A, S, H, I, N, G, T, O, N. Mu da Hausa mun sauke G, saboda ba ta fita a bakinmu. Muna rubuta Washinton. Gaɓa 3 ke nan: Wa, shin, ton. Ku rubuta. Ku fara da babban harafi, domin sunan mutum da sunan gari duka da babban harafi suke farawa. Sauran sunayen Ingilishi da za mu ambata, yawanci za mu rubuta su yadda bakinmu yake faɗin su.

GIDAN WANI MANOMI

Asalin sunan nan a Ingila yake, tun Turawa ba su san da Amurka ba. Ingila tana cikin wani babban tsibiri, arewa da Faransa. Shekaru kamar 1500 da suka wuce, waɗansu ƙabilu suka ƙetaro teku daga wajen arewacin Jamus da Danmak, suka zauna a tsibirin. Ana ce musu Angil da Sakson. Daga sunan Angil aka samu Ingila, aka samu Ingilishi. Manoma ne da masu kiwo. In mutum ya samu wuri, sai ya kafa gida, ya kewaye shi da shinge, ya sari gona. Irin wannan gida mai shinge, haɗe da gonarsa, a tsohon harshensu tun ake ce masa. In ɗiya da jikoki da barori suka yi yawa, sai gidan ya zama ƙauye, amma sunan yana nan.

Masu binciken sunaye sun fasa Washinton gida 3. Na farko sunan wani mutum ne, Hwasa, ko Wasa. Ku lura, Wasa nan sunan mutum ne, ba wasan yara a dandali ba. Na biyu shi ne ing. Ma'anarsa "mutanen wane" ko "zuriyar wane". Aikin da awa take yi a Hausa ke nan: Gobir, Gobirawa, Adar, Adarawa. Na uku shi ne ton, wato tun ɗin nan da muka faɗa. In kun haɗa su, kun samu "garin mutanen Wasa". Ku dubi garuruwanmu nawa ne sunansu yake farawa da Gidan ko Garin, kamar Gidan Rumji. Hanyar ɗaya ce. Shi Wasa, ba wanda ya rubuta tarihinsa. Sunan garin kaɗai ya riƙe shi har yau.

A Ingilishin yanzu, wash yana nufin wanki ko wanka. Saboda haka wanda ya ji sunan da kunne kawai sai ya zaci "garin wanki" ake nufi. Mafi yawan masana ba su bi wannan ba. Su tsofaffin takardu suke dubawa, su ga yadda aka rubuta sunan shekaru ɗaruruwa baya, kafin baki ya lanƙwasa shi.

Da zarar kun riƙe ton, kun samu mabuɗin sunaye masu yawa. Newton, wanda ake faɗi Niyuton, shi ne Sabon Gari, ba ƙari ba ragi. Norton, garin arewa. Sutton, garin kudu. Weston, garin yamma. Kingston, garin sarki, kuma shi ne sunan babban birnin ƙasar Jamaika. Preston, garin limamai. Duk waɗannan sunayen garuruwa ne, kuma duk akwai mutanen da suke amsa su.

Ƙauyen Washinton yana arewa maso gabashin Ingila, tsakanin biranen Niyukasil da Sandalan, kusa da wani kogi mai suna Wiya. Daga Landan zuwa can kilomita 400 ne da ɗan wani abu, kamar daga Yamai zuwa Birnin Ƙwanni. Akwai wani ƙauye kuma a kudancin Ingila mai wannan suna. Amma na arewa shi ne wanda sunansa ya yi tafiya.

YADDA GARI YA BA MUTUM SUNA

A nan ƙasarmu, mutum yana ɗaukar sunansa da na ubansa. In Ali ya haifi Musa, sai a ce Musa Ali. In Musa ya haifi Isa, sai a ce Isa Musa. Sunan Ali ya tsaya nan. A Ingila ba haka ba ne. Suna da sunan gida, wanda yake bin zuriya: uba, ɗa, jika, tattaɓa-kunne, duka suna ɗaya. Mace ma in ta yi aure, bisa al'ada takan ɗauki sunan gidan mijinta, kamar yadda kuke gani a takardun Faransanci, Madam wane.

Da can su ma ba su da wannan. Abin ya fara ne bayan shekarar 1066, lokacin da mayaƙa daga Normandi, a arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Manyan masu ƙasa suka fara, talakawa suka biyo baya sannu a hankali. Wajen shekarar 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Dalili a bayyane yake. In ƙauye ɗaya yana da Jon 10 da Wiliyam 10, wane ne ya biya haraji, wane ne bai biya ba? Wane ne zai gaji gonar? Mai rubutu dole ya ƙara wata kalma.

Wani aka ƙara masa sunan ubansa: Johnson, ɗan Jon. Wani aka ƙara masa laƙabi: Long, wato Dogo. Da yawa sana'arsu aka ɗauka. Smith shi ne Maƙeri, kuma shi ne sunan gida mafi yawa a Ingila. Taylor shi ne maɗinki, kuma daga wannan kalma muka samu tela. Saura kuma aka kira su da sunan garinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kun ji Malam Aminu Kano, kun ji Shehu Shagari. Kano birni ne, Shagari gari ne.

Yanzu ga yadda aka yi da Washinton. A shekarar 1183, babban limamin Kirista na birnin Daram, wanda ƙasar wajen duka take hannunsa, ya sa aka rubuta littafin gonakinsa da harajin kowa. A cikin littafin nan aka ambaci wani mutum, Wiliyam na Hatban. Hatban garinsu ne. Ya yi musaya da limamin: ya ba da Hatban, ya karɓi Washinton. Sharaɗin shi ne ya riƙa biyan fam 4, kuma in limamin zai fita babbar farauta, ya zo da karnuka 2. Tunda ya sake gari, sai ya sake suna. Ya zama Wiliyam de Wessyngton. Waɗanda suka taɓa Faransanci sun san de, ita ce "na". Wiliyam na Washinton ke nan. Shekaru suka wuce, de ta faɗi, jikoki suka watsu cikin ƙasa, waɗansu ba su taɓa ganin ƙauyen ba, amma sunan yana manne da su.

Kun ji mun ce Wessyngton. A zamanin nan kowane mai alƙalami yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Wani ya sa e, wani ya sa a, wani ya ninka s. An daɗe kafin rubutun ya tsaya wuri ɗaya. Mu ma mun san wannan ciwo. Muna cewa Tawa, a takarda mu ga Tahoua. Muna cewa Tasawa, mu ga Tessaoua. Har sunan mutum yakan fito iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a katin ɗan ƙasa, sai ranar neman wani haƙƙi a ce masa ba shi ba ne. Tunda yanzu kun iya haɗa haruffa, ku ɗauko takardunku ku duba da idonku.

SUNAN YA ƘETARE TEKU

Wani reshe na zuriyar ya gangara tsakiyar Ingila. Lorens Washinton, mai fataucin gashin tumaki, ya yi arziki, ya sayi ƙasa a wani ƙauye mai suna Salgireb a shekarar 1539. Bayan shekara ɗari da ƴan kai, yaƙin basasa ya tashi a Ingila tsakanin sarki da majalisa. Wani Lorens ɗin kuma, limamin majami'a, yana bayan sarki. Aka kore shi daga aikinsa a 1643, gidan ya shiga talauci. Ɗansa Jon ya shiga aikin jirgin ruwa mai fataucin taba. A 1656 suka tashi zuwa Birjiniya, a gaɓar Amurka, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila. Jirgin ya kafe a kogin Potomak. Jon bai koma gida ba. Ya auri ɗiyar wani mai ƙasa, surukinsa ya ba shi gona mai faɗin hekta kamar 280.

Jon ya haifi Lorens, Lorens ya haifi Ogastin, Ogastin ya haifi Joj a shekarar 1732. Joj Washinton tattaɓa-kunnen Jon ne. Ubansa ya rasu yana da shekara 11, don haka bai yi karatu mai zurfi ba. Ya koyi awon ƙasa, daga baya ya shiga soja. Da mazauna Amurka suka tashi neman ƴancin kai daga Ingila, shi suka ba jagorancin yaƙi a 1775. Ranar 4 ga Yuli 1776 suka bayyana ƴancinsu. Da taimakon sojan Faransa suka ci nasara, aka yi sulhu a 1783. A 1789 ya zama shugaban ƙasa na farko. Ya yi wa'adi 2, shekara 8. A 1797 ya sauka da kansa, ya koma gonarsa, alhali ba wanda ya kore shi. A ganinmu, wannan saukar ta ƙara wa sunansa nauyi kamar yadda yaƙin ya ƙara masa. Ya rasu a watan Disamba 1799.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe: Joj Washinton bai haifi ɗa ko ɗaya ba.

MUTUM YA BA BIRNI SUNA

Sabuwar ƙasar tana da jihohi 13, kowace tana son babban birni ya zauna wajenta. A 1790 suka daidaita a gina sabon birni a bakin kogin Potomak, kogin nan da jirgin Jon ya kafe a ciki. A 1791 aka raɗa masa sunan shugaban. Wani Bafaranshe, Piyer Lanfan, shi ya zana hanyoyinsa. Gwamnati ta tare a 1800, bayan rasuwar mai sunan, don haka bai taɓa kwana a Fadar nan Fara ba. Birnin ba ya cikin kowace jiha. An yanka masa ƙasarsa dabam, ana ce mata Gundumar Kolambiya. Shi ya sa kuke ganin haruffa 2 a bayan sunan: Washinton D.C. Ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum kamar 690,000 a ciki. Tutar birnin kuwa, fara mai jan layi 2 da jajayen taurari 3, tsohon tambarin gidan Washinton ne na Ingila, aka ɗauko shi a 1938.

Akwai kuma jihar Washinton, kuma labarinta da ban dariya. Tana can ƙurya, arewa maso yamma, a bakin wani teku dabam, kilomita kamar 3,700 daga birnin. A 1852 mazaunanta suka nemi a raɗa wa yankinsu Kolambiya, sunan babban koginsu. Majalisa ta ce a'a, za a riƙa rikita shi da Gundumar Kolambiya, gara a ce Washinton. An gudu daga rikici, an faɗa wanda ya fi shi. Ta zama jiha ta 42 a shekarar 1889. Babban birninta Olimpiya, birninta mafi girma Siyatil, kuma a 2020 mutanenta sun kai miliyan 7 da dubu 700. Ita kaɗai ce jihar Amurka mai sunan shugaban ƙasa. Bayan ita akwai gundumomi 31 masu wannan suna, da ƙananan garuruwa da tituna da makarantu da ba za mu tsaya lissafawa ba. Saboda haka mai rubuta adireshi a bayan wasiƙa, in birnin gwamnati yake nufi, kada ya manta da D da C. Fuskar Joj ɗin kuma ita ce a kan takardar dalar Amurka 1.

Ƙauyen asali fa? Ya daɗe yana garin masu haƙar gawayin ƙasa. A 1964 gwamnatin Ingila ta mai da shi sabon birni, kuma ƙidayar 2011 ta samu mutum kamar 67,000. Tsohon gidan zuriyar yana nan, baƙi suna zuwa kallo. Shugaban Amurka Jimi Kata ya ziyarce shi a 1977.

WAƊANDA SUKA ZAƁI SUNAN DA KANSU

Yanzu mu zo inda labarin ya fi nauyi. A ƙidayar Amurka ta shekarar 2000, mutum 163,036 suna da sunan gida Washinton. Kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka. Mun ce Joj bai haihu ba. To, daga ina suka samu sunan?

Joj Washinton, jagoran yaƙin ƴanci, yana da bayi. Wannan gaskiya ce, kuma ba a ɓoye ta. A shekarar da ya rasu akwai bayi 317 a gonarsa. Cikinsu 123 nasa ne na kansa, kuma ya bar wasiyya a ƴanta su. Matarsa Marta ta sallame su a farkon 1801. Sauran, waɗanda ba mallakarsa ba, suka ci gaba da zama cikin bauta. Sai a 1865, bayan wani mummunan yaƙin basasa, aka hana bauta a ƙasar duka. Mutum kusan miliyan 4 suka samu kansu.

A takardun iyayengiji, yawanci suna ɗaya ake rubuta wa bawa, kamar yadda ake lissafa dabbobi. Da ƴanci ya zo, mutum zai ɗaura aure a gaban hukuma, zai sa hannu a takardar aiki, zai sa ɗansa lakwal. Ko'ina ana tambayar sunan gida. Waɗansu suka fito da sunan da suke riƙe da shi a ɓoye tun da. Waɗansu suka ɗauki na tsohon ubangidansu. Waɗansu kuwa suka ƙi, suka zaɓi sunan da ya fi kowane girma a ƙasar. Yawancin masu amsa Washinton yau, kakanninsu ba su taɓa zama a gonar Joj ba.

Ga labarin ɗaya daga cikinsu, kamar yadda ya ba da shi a littafin tarihinsa na 1901. An haife shi bawa a Birjiniya a 1856. Uwarsa ita ce mai dafa abincin gidan. Sunansa Booker, ana faɗi Buka, ba shi da wani. Yana yaro yakan ɗauki littattafan ɗiyar ubangidansa har ƙofar makaranta, ya leƙa, ya juyo, domin ba a yarda bawa ya koyi karatu ba. Yana da shekara 9 aka ƴanta su. Suka koma wani gari, Maldan, inda mijin uwarsa yake aiki a gidan dafa gishiri, yaron ma aka sa shi ciki. Kowane ma'aikaci yana da lambar da ake bugawa a gangunan gishirinsa. Ta mijin uwarsa 18 ce. Buka ya yi ta kallonta har ya iya rubuta ta. Ita ce rubutunsa na farko. Uwarsa, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta nemo masa wani tsohon littafin koyon haruffa. Ya fara karatu da dare bayan ya tashi aiki, kamar yadda da yawanku kuke yi. Ya ce a lokacin nan tsofaffi masu furfura ma sun cika makarantun dare.

Ranar da ya samu shiga makarantar rana, malam ya fara kiran suna. Buka ya ji kowane yaro yana da suna 2, wani har 3. Shi ɗaya gare shi. Kafin layi ya iso kansa ya gama shawara. Da malam ya tambaye shi, sai ya ce Buka Washinton, kamar wanda aka raɗa wa tun ranar suna. Mijin uwarsa ma, sunansa na farko Washinton ne. Daga baya ya ji cewa uwarsa ta sa masa wani suna tun yana jariri, Taliaferro, sai ya maido shi tsakiya. Shi ya sa ake rubuta Buka T. Washinton.

A 1872 ya kama hanyar wata makaranta a Hamton, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, wani wuri a ƙasa, wani wuri a keken doki, kuɗɗinsa suka ƙare a hanya. Ya isa da datti. Shugabar malamai ta ba shi tsintsiya ta ce ya share wani ɗaki. Ya share sau 3, ya goge ƙura sau 4. Ta bi da farin ƙyalle ba ta samu komi ba. Jarrabawarsa ke nan. A 1881 ya buɗe makarantar Taskigi a jihar Alabama da ɗalibai 30, cikin wata tsohuwar rumfa. Ɗaliban da kansu suka buga tubali suka gina azuzuwansu. Kafin rasuwarsa a 1915 sun kai kamar 1,500. Ba kowa ya yarda da hanyarsa ba. Waɗansu masu ilimi cikin baƙaƙen fata sun ce ya cika lallashin masu wariya, ya tsaya ga koyar da sana'a ya bar maganar ƙuri'a. Amma sunansa ya kai har Afirka ta Yamma: a garin Kakata na ƙasar Laberiya akwai makarantar sana'a mai sunansa, an kafa ta a 1929.

Manoman gyaɗa, ga naku. A 1896 Buka ya kira wani masanin noma zuwa Taskigi, shi ma an haife shi cikin bauta. Sunansa Joj Carver, ana faɗi Kaba, kuma ma'anar sunan masassaƙi. Auduga ta cinye ƙarfin gonakin wajen, sai ya koya wa talakawa su riƙa juya ta da gyaɗa da wake da dankali. A 1916 ya fitar da ƴar takarda mai hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa don ci. Tun yana saurayi, a wani gari da ya zauna akwai wani Joj Kaba, wasiƙunsu suna ta sauya hannu. Sai ya ƙara W a tsakiyar sunansa don a bambanta su. Duniya ta cike masa sauran, ta san shi da Joj Washinton Kaba.

Kun ga ke nan sunan yana iya zuwa a ƙarshe, yana iya zuwa a tsakiya. Yana zuwa a farko ma. Shugaban ƙasar Birazil daga 1926 zuwa 1930 sunansa Washinton Luwis. Kuma daga 1975 zuwa 1979, zaɓaɓɓen magajin garin Washinton wani baƙar fata ne mai suna Walta Washinton.

WANNE AKE NUFI?

Mu koma kan jimlolin nan na farko. Harshenmu yana taimakon mu fiye da yadda Ingilishi yake taimakon masu shi. A Hausa sunan gari mace ne: Maraɗi ta cika, Damagaram ta yi nisa. Saboda haka in kun karanta "Washinton ya ce", namiji ne mai wannan suna. In kun karanta "a Washinton" ko "zuwa Washinton", wuri ne, sai ku duba ko an sa "jihar" a gaba, ko D.C. a baya. In kuwa kun karanta "Washinton ta ce" ko "Washinton ta ƙi", galibi gwamnatin Amurka ake nufi. Ƴan jarida suna kiran gwamnati da sunan birnin da take zaune, kamar yadda suke cewa "Paris ta amsa" ko "Yamai ta sanar". Sai dai ku yi hattara da abu 2. Mace mai wannan sunan gida ita ma "ta" za a ce mata. Kuma ba duk abin da ya fito daga birnin ne na gwamnatin Amurka ba: Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya can mazauninsu yake, alhali na ƙasashe da yawa ne. Jimlar da take gaba da wadda take baya su za su warware muku.

Ga aikin wannan mako. Malam zai karanta jimlolin nan sannu sannu, ku rubuta. Ta farko: Joj Washinton bai zauna a Fadar Washinton ba. Ta biyu: Siyatil tana cikin jihar Washinton. Ta uku, kuma abin ya faru da gaske a watan Oktoba 1901, lokacin da shugaba Tiyodo Rusbelt ya gayyaci Buka fadarsa har jaridun masu wariya suka yi ta zagi: Washinton ya ci abincin dare a Washinton. A ƙarƙashin kowane Washinton ku rubuta "mutum" ko "wuri". Bayan haka kowa ya rubuta sunan garinsu da babban harafi, ya tambayi tsofaffin garin wa ya kafa shi, da abin da sunan yake nufi. Ku kawo wa malaminku amsa ranar karatu ta gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.